Umara Gana, Mai Aika Saƙo Kaɗan-Kaɗan

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Lawan, Bulaman Limanti, Malam Liman, Fasto Yoila, Ya Bintu matar marigayi da 'ya'yanki, jama'a baki ɗaya, wushe, barkanku.

An zaɓe ni na yi magana, duk da an san bakina ba shi da birki. Waɗanda Umara ya roƙa man janareta suka ce ya dawo gobe, na gan ku a kujerun gaba. Sannunku da zuwa.

Umara ya kasance mai shagon intanet a unguwarmu. A shekarar da aka kashe mana layukan waya, farantinsa na tauraron ɗan Adam da ke kan rufi kaɗai ke haɗa mu da duniya, shi ma da ƙyar yake numfashi. A shagon na koyi karatu, daga tsofaffin littattafansa.

Ya kasance mai haƙuri da layin intanet. Shi ya rubuta manhajar da muke aika hotunan waɗanda suka ɓata zuwa sansanonin gudun hijira. Ya koya mini cewa soket ƙofa ce, saƙo kuma fakiti-fakiti yake fita. Idan fakiti ya fi ƙarfin hanya, sai ya farfashe a tsakiya, in ɓangare guda ya ɓata, dukansa ya tafi. Don haka ba ya barin fakiti ya wuce bayit dubu da ɗari biyu a ma'aunin kwamfuta, kowanne da lambarsa. Wanda bai iso ba, shi kaɗai ake sake nema.

Mama Naomi ta zo neman ɗanta Manasse, wanda gudu ya raba su. An ce akwai yaro mai kama da shi a wani sansani a Yola, za a turo hoto. Layi na ta yankewa. Na ce, "Oga, ka ƙara girman fakitin nan mana, matar nan za ta sume."

Ya ce, "Zauna, sarkin gaggawa. So kake ya iso da sauri, ko so kake ya iso?"

Hoton ya riƙa sauka daga sama, layi bayan layi. Gashin kai, sai goshi. Da ya kai kunnen hagu mai tabon ƙuna, Mama Naomi ta ɗora tafinta a kan gilashin kwamfuta ta ce, "Ya isa, ɗana ne. Ba sai na ga sauran ba."

Waɗanda suka tare Umara a hanyar Dusuman suka kashe shi ba su san wannan ba. Mu mun sani.

Ya Bintu, ba za mu cika miki gida yau mu watse gobe ba. Za mu riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, wanda bai zo ba ki aiko a neme shi. Manasse, tashi ta gan ka. Ya Bintu, ga aikin mijinki a tsaye.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Umara, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya dawo mana da sauran waɗanda muke jira. Amin.