Kakata da Ƙofar Ɗakinta

Assalamu alaikum Anti mai gabatar da shirin lafiya. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar, daga wani ƙauye kusa da Bunkure. Ban taɓa rubuto wasiƙa ba sai yau, saboda kakata Hajja.

Tun da ɓarin jikinta ya shanye, Hajja ba ta yarda a kwantar da ita sai tana fuskantar ƙofa, don ta ga kowa idan an dawo daga tsinkar tumatir. Mu kuma saboda ƙauna muka bar ta a gefe ɗaya kullum. Wata rana ina goge mata jiki na ga ƙugunta ya yi ja, bayan 'yan kwanaki ya fashe ya zama gyambo. Innata ta so a barbaɗa toka, ma'aikaciyar asibiti ta hana. Ta ce nauyin jiki ne ya hana jini kaiwa wurin. A riƙa juya ta duk bayan awa biyu, a wanke ciwon yadda ta nuna mana, kada shimfiɗa ta jiƙe.

Da muka juya Hajja ta fuskanci bango, sai ta ce min, "Ke ja'ira, bango ne zai gaishe ni?" Har ta ƙi cin abinci. Sai na ce idan za a juya ta, a mayar da kanta wajen ƙafafu. Yanzu ko ta wane gefe ta kwanta ƙofa take kallo, gyambon kuma ya fara cikowa.

Anti, wane abinci ne zai sa ya warke da wuri? A gaishe min da Hajja, tana saurare, idonta na kan ƙofa.