Giram Ɗari, Ɗanya ko Dafaffiya

A wata rumfar abinci cikin kasuwar Surabaya, wani mai tumbi ya ɗora shinkafarsa kan ɗan sikeli. Tsohuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗan nan, zinariya ce?"

"Ciwon suga, Iya. Likita ya ce giram ɗari a wuni."

"Ni dai ɗari biyu nake gani."

"Matata dafaffiya take auna min, loma huɗu ta ƙare. Alhali ɗari ɗanya, in ta dahu, ɗari uku ce. Cikon haƙƙina na zo ci."

"Miyar kwakwar nan fa?"

"Wa ke auna ruwa?"

"To ka tambayi likitan mana, ɗanya yake nufi ko dafaffiya."

"Allah ya kiyaye! In ya ce dafaffiya fa?"