Fuskar da ke Allunan Aski

A tashar Madarumfa, wata fasinja ta tsaya tana kallon wani mai zane da ke fentin allon shagon aski.

"Malam, ashe kai ke zana allunan nan? Tun daga Ɗan Issa nake ganinsu. Aski iri-iri, amma fuska guda. Ba ka iya wata ba ne?"

"Na iya, Hajiya. Ƙanena ne, Arziki. Ya tafi ci-rani Najeriya, shiru har yau. Direbobi duk nan suke aski, wata rana wani zai ce ya gan shi."

"Ayya! Ai yanzu kamanninsa sun sake."

"Na sani," ya ce, yana tsoma buroshi cikin farin fenti. "Shi ya sa bana na fara sa masa furfura."