Kafili Yana Wajen Raƙuma

A filin jirgin Wadi Dawasir, Shahata, ɗan Masar mai kula da wani gidan abinci, yana ta danna waya. Wani dattijo ɗan Sudan ya gaji da gani.

"Ɗana, za ka kashe wayar nan. Wa kake nema?"

"Kafilina, Baba, wanda ya kawo ni aiki ƙasar nan. Mahaifiyata ta rasu da asuba, kuma ba ni da ikon fita ƙasar in tafi gida sai da izininsa."

"Allah ya jiƙanta. Yana ina?"

"Yana jeji wajen raƙumansa, babu sabis."

"Ba kai na ji kana cewa manaja ne kai ba?"

"Manaja ne mana. Ni nake ba ma'aikata hutu."

"To kai wa ke ba ka?"

Sai wayar ta yi ƙara. Shahata ya miƙe zumbur yana ta cewa to, to, sannan ya koma ya zauna.

"Shi ne? Ya amince?"

"Ya yi mini ta'aziyya. Ya ce gobe yana da baƙi, raguna shida za a gasa, kuma bai yarda da hannun kowa ba sai nawa."