Kububuwa a Cikin Karan Dawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Maman Ummi ce daga Sandamu.

Bayan girbi maigidana ya jingine karan dawa a bayan ɗaki don gyaran danga. Ranar Talata 'yata Ummi, mai shekara huɗu, tana wasan ɓuya a ciki da ƙaninta, ta fito ta ce, "Inna, wata igiya tana motsi." Ina leƙawa sai ga kububuwa. Da taɓarya na kashe ta.

Maigida ya ce a bar karan sai Juma'a. Ban jira ba, ni kaɗai na fitar da shi waje, dami tara. Har yau yana fushi.

Masu sauraro, me zan yi kada wata ta shigo? Fushin maigida zan iya da shi, saran maciji ne ba zan iya ba.