Kunnen Saje Dafa'allah

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Birgediya Sirrul-Hatim, shugaban ƙungiyarmu. Kanar Mirgani da sauran hafsoshi. Hajiya Sittana, uwargidan marigayi, da 'yarsa Tahani. 'Yan uwana tsofaffin sojan Sudan da zama ya riƙe a Alƙahira. Sannunmu da rashi.

Yau sai da muka aro kujeru wurin mai gahawa na ƙasa. Wallahi ban san muna da yawa haka ba. Wasunku rabonsu da ɗakin nan tun gashinsu yana baƙi, kuma ban tabbata ta'aziyya ce kaɗai ta kawo kowa ba.

Ya kasance mai riƙe mabuɗin ɗakin nan. Kowace Juma'a Saje Dafa'allah zai taso daga unguwar Faisal da kwanon ful, dafaffen waken nan namu, ya zuba man riɗi, ya jera kujeru kamar za a yi fareti. Ya kasance mai jira. A 'yan shekarun nan ni da shi kaɗai muke zama, ragowar wake mai gadi ke cinyewa. Ya kasance, in soja ya rasu a ƙasar nan, shi ne wanka, shi ne maƙabarta.

Me ya kore mu? Mu daina kewaye-kewaye. Wata Juma'a Manjo Babikir ya soki masu mulki na gida Sudan a nan ɗakin. Ba a daɗe ba aka kira ƙanensa can, aka maimaita masa maganar kalma da kalma. Sai raɗe-raɗi ya tashi: Saje ne. Shi ke matso da kujerarsa kusa da mai magana, ya ƙura wa bakinsa ido, ba ya tofa komai. Wani da ke zaune nan ya ja ni gefe ya ce, "Kai ɗan uwa, ba ka da ido ne? Mutumin nan haɗiye magana yake yi kamar rakumi da ruwa." Daga nan kowa ya samu ciwon gwiwa, kowa jikarsa ba lafiya ranar Juma'a.

Ya taɓa tambayata, da wannan muryar tasa mai tashin unguwa, "Yallaɓai, ko gishirin ne ya yi yawa?" Na ce masa gishiri daidai yake.

Ranar da muka binne shi Tahani ta kira ni ta ce, "Baffa, ku ba ku san Baba ba ya ji ba? Igwa ta cinye masa kunne, sauran ya tafi tun kafin mu bar gida. Leɓe yake karantawa, rabi ya kama, rabi ya cika da murmushi. Ya rantsar da mu kada mu faɗa, wai za ku karɓe mabuɗin ku ba mai lafiya."

Kun ji. Mutumin da muka guje wa don kada ya ji mu, bai taɓa jin muryar ɗayanmu a ɗakin nan ba. Hajiya Sittana, kin ga ana tsallake gaisuwar mijinki a masallaci kika yi shiru don alkawari. Ki ɗaga kanki. Tahani, sunan ubanki fes yake, na faɗa gaban manya.

Amma maganar Babikir ta isa gida, kalma da kalma, kuma ba kurma ne ya kai ta ba. Mai kunnen yana nan. Ina kyautata zaton ya sha shayinmu yau, ya ɗaga hannu ya yi fatiha. Ina ma zaton shi ya fara nuna Saje da yatsa.

Ga mabuɗin a kan tebur. Juma'a zan kawo ful, in ga wanda zai shigo da wanda gwiwarsa za ta sake tashi.

Mun gode wa duk wanda ya zo don Allah. Ya Ubangiji, ka jiƙan Dafa'allah, ka buɗe masa kunne da sallamar mala'iku, ka ba iyalinsa haƙuri. Wanda kuwa ya ɗora wa kurma kayansa ya koma gefe, mun bar shi da Mai ji. Amin.