Saƙon Bulus ya iso a makare

Barka da yamma, malam mai gabatarwa, tare da duk masu sauraro. Sunana Rifkatu, daga Zuru.

Ƙanena Bulus da abokansa suna da wani wasa. Ɗaya zai hau dutse ya ɓoye gwangwani da ɗan tsaraba a ciki, ya tura alamar wurin ta waya, sauran su bi su nemo. Dokarsu ita ce mai ɓoyewa ba ya faɗa wa kowa inda ya nufa.

Wata Asabar da damina, ranar da shi ne mai ɓoyewa, ya ɗauki jakarsa. Na tambaye shi ina za shi. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, in na faɗa ai wasan ya lalace." Na ƙyale shi.

An yi ruwa, dutse ya yi santsi, ya faɗa cikin kwazazzabo. Mun yi ta nemansa ta hanyar Danko, ashe yana bayan dutsen da muke hangowa daga ƙofar gidanmu. Mafarauta ne suka tarar da shi, rai ya riga ya yi halinsa.

Da aka kawo wayarsa gari muka kunna, ta kama sabis, sai tawa ta yi ƙara. Saƙonsa ne da alamar wurin, wanda ya rubuta bayan ya faɗi amma bai fita ba don babu sabis a can: "Yaya, ga inda nake, ku zo."

Matasa, don Allah ko wasan sirri ne, ku faɗa wa mutum ɗaya a gida, kuma kada ku tafi ku kaɗai.

Malam, ina neman shawara. Mama ba ta iya karatu ba, kullum tana tambayata me ya rubuto. Me zan ce mata?